Na Zaɓi Gefen Ɗorawa

Ina kan keken ɗinki a ɗakina a Malumfashi, ina haɗa wa yaran maƙwabta kayan makaranta, sai matar yayana ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Ki zo gida. Inna ta fita gona tun da sassafe, ta ƙi dawowa, ta ƙi cin abinci."

Na ce, "Me ya kai Inna gona da rani? Ko an yi rasuwa ne kuke ɓoye mini?"

Ta ce, "Ba wanda ya rasu. Ɗorawa ce. Yayanki ya sayar wa masu gawayi, sun kayar da ɗaya."

Na ɗauke ƙafa daga kan keke, na ja mayafi. Maigidana yana kasuwa, sai na bar masa saƙo wajen maƙwabciya, na nufi tashar motar Kafur.

Ƙauyenmu yana kusa da Gozaki, kuma mu biyu Allah ya raya wa Inna, ni da Yaya. Gonar gidanmu guda ce babba. Ta fara daga tudu, wajen hanyar shanu, ta gangaro har bakin wani ɗan rafi. Can gefen gangaren ne itatuwan ɗorawa suke, manya, waɗanda Baba ya ce shi ma haka ya tashi ya gan su. Gona ta maza ce, amma ɗorawa ta Inna ce, ba wanda ya taɓa yin gardama a kan wannan. Idan bazara ta yi, ita ke ɗaukar doguwar gora mai ƙugiya ta kaɗo 'ya'yan. Mu shanya, mu daka, mu fitar da garin nan rawaya mai zaƙi, mu wanke ƙwayar da ake kira kalwa. Da kalwar take yin daddawa. Duk wanda ya biyo ta layinmu ya san gidan mai daddawa tun bai ga ƙofar ba, hancinsa zai gaya masa. Da wannan sana'a ta saya mini keken ɗinkin da nake ci da shi har yau.

Kowace ɗorawa tana da sunanta a bakin Inna. Akwai mai rowa, wadda sai ta ga dama take haihuwa. Akwai ta bakin rafi. Akwai uwar gida, babbar cikinsu, wadda a inuwarta muke ajiye tulun ruwa da kunun masu noma.

Lokacin da Baba yake da rai, damina tana da tsari. Hadari ya taso daga gabas, a yi ruwan shuka, a shuka, kafin ƙasa ta bushe wani ya sauko. A shiga marka, wato kwanakin da ake wuni ana yayyafi ba a ganin rana. Daga nan ruwa ya ja baya a hankali, ya bar dawa ta cika ido. Baba yakan sa masara a tudu, dawa a gangare, auduga a wani yanki, ya kai ta Funtua idan an tsince. Ba mu yi arziki ba, amma ban taɓa ganin gindin rumbunmu ba.

Bayan rasuwarsa gona ta koma hannun Yaya, ba a raba ba. Ni ina gidan miji, Inna tana ɗakinta, shi ke noma, shi ke ciyar da gida, da kaka ya aiko mini da abin da ya samu. A hannunsa ne damina ta canza hali, shi ya sa har yanzu nake cewa bai ci sa'a ba. Sai ruwa ya zo da wuri, mai ƙarfi, kowa ya fita ya shuka. Tsiro ya fito kore shar, sai sama ta yi fayau. Rana ta yi ta dukan masara har ganyenta ya naɗe kamar tabarma, ta mutu a tsaye. A sake sayen iri a sake shukawa. Idan ruwan ya tashi dawowa, sai ya dawo da fushi, abin da ya kamata ya zuba a wata guda ya zubar da shi a yini ɗaya, ya kwashe takin da aka zuba jiya ya kai rafi. Ga tsutsa da ke shiga cikin zuciyar masara ta cinye. Sannan ruwan ya ɗauke tun dawa ba ta gama ido ba, ka ɗaga zangarniya ka ji ta sakayau. Wata shekarar kuma ya ƙi ɗaukewa, ya biyo masara har inda aka shanya ta, ta yi baƙi.

Shekara ta bi shekara a haka. Auduga ya daina tun tuni. Saƙon kaka da yake aiko mini ya yi ta raguwa, har shekarar da ya aiko da gaisuwa kawai. Ban ji haushi ba. Na san yawan bakunan da ke gidan.

Da na sauka daga mota ban shiga gida ba, na zarce gona. Tun daga nesa na ga wurin ya yi wani irin haske da ban saba gani ba. Mai rowa ce suka kayar. Tana kwance, rassanta sun karye, jajayen furanninta masu kama da tuntun hula sun watse a ƙasa. Mutum uku suna zaune a kan gangar jikinta, injin yankan itace a gefensu, sun yi jugum. Inna kuwa ta shimfiɗa tabarma a gindin uwar gida, ta jingina bayanta da ita, ta miƙe ƙafafu, carbi a hannu. Yaya yana tsaye a kanta, hularsa a hannu, yana fifita da ita.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Auta, ke ma sun kira ki ki ba ni haƙuri?"

Na ce, "Na zo in ga abin da ke faruwa ne, Inna."

Ta ce, "To ga shi kin gani. Na gaya musu su tayar da injinsu. In sun gama da ni sai su wuce kanta."

Babban cikin masu gawayin ya ce, "Hajiya, mu ba faɗa muka zo ba. Ciniki aka yi da mu."

Inna ba ta ko dube shi ba.

Yaya ya ja ni gefe. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, na daɗe ban lura da haka ba. Ya ce, "Ki yi mata magana, ke take ji. Damina na tafe, ba ni da iri, ba ni da taki. Rumbu kin san yadda yake. Itatuwan nan masara ba ta yi a inuwarsu, ke ma kin sani. Mai tarakta ya ce ba zai ƙara shigo mini gangaren nan ba, saiwoyi suna karya masa garma. Ita kanta ɗorawar me take bayarwa yanzu? Zafi ya kakkaɓe furen tun bai zama ɗa ba. Bara kalwar da Inna ta tara ko rabin ta da ba ta kai ba. In na cire su na sa waken suya a wurin, aƙalla yara za su ci."

Babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ce, "Yaya, in ka ci kuɗin gawayin bana, baɗi me za ka sayar?"

Ya ce, "Baɗi ta Allah ce."

Na ce, "Bana ma tasa ce. Ka dubi bakin rafin can. Ƙasar da ta rage a gangaren nan saiwoyinsu ne suka riƙe ta. Gonar maƙwabcinmu da ya sare nasa, ina rabinta yanzu? Ba kwazazzabo ba ne?"

Ya ce, "Ke kina birni kina taka keke, ni nake shan ranar nan. Kada ki koya mini gona."

Raina ya ɓaci. Na dubi Inna a gindin itace, tsohuwa da azumin dole, na dubi mai rowa a kwance. Maganar ta fito daga bakina tun ban gama shirya ta ba. Na ce, "To a raba. A ba ni gadona."

Ya dube ni kamar na mare shi. Ya ce, "Me kika ce?"

Na ce, "A raba gonar Baba. A fitar wa Inna nata, a ba ni nawa, ka riƙe naka. Abin da ya faɗo a rabonka ka sare, ba mai hana ka."

Ya mayar da hularsa kai, ya juya ya ce wa masu gawayin su ɗauki wadda suka kayar, sauran sai an ji daga gare shi. Ya kama hanyar gida bai waiwayo ba. Sai a lokacin Inna ta yarda ta sha ruwa.

A garinmu kowa ya san mace tana da gado, Liman yana faɗa a wa'azi. Amma wadda ta buɗe baki ta nemi nata a hannun ɗan'uwanta, gona kuwa ba kuɗi ba, to ta zama abin nuni. Kafin la'asar magana ta zaga gari. Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya aiko in zo. Na same shi a zaure, na zauna daga bakin ƙofa.

Ya ce, "'Yar nan, me yayanki ya rage ki da shi?"

Na ce, "Bai rage ni da komai ba, Baffa."

Ya ce, "To me ya kawo maganar rabo? Gonar da kakanku ya bari guda, ubanku ya bari guda, ke za ki tsaga ta? Wa zai noma miki? Mijinki ɗan kasuwa ne, bai san kan fartanya ba."

Na ce, "Ni zan noma."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro. Ya ce, "Maza ma da suka tashi a ciki tana kayar da su yanzu. Wannan zamanin ba na gwaji ba ne."

Na ce, "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri. Haƙƙina ne ko ba haƙƙina ba ne?"

Ya ce, "Haƙƙinki ne."

Na ce, "To shi nake nema."

Maigidana ma bai so ba da farko. Da na koma Malumfashi na zayyana masa, ya ce zan raba zumunci saboda itace. Na ce masa ba itace ba ne kawai, abincin Inna ne da mutuncinta, kuma ƙasar da ta rage mana ce. Ya ce, "Idan kin shuka ya mutu fa?" Na ce, "Sai in sake shukawa, kamar kowa." Ya girgiza kai ya ce Allah ya taimaka, amma kada in sa ran zai bar rumfarsa ya bi ni. Ya cika alkawari, bai taɓa bin ni ba, amma bai taɓa hana ni ba.

Ranar rabo Liman ya zo, da mai unguwa, da Baffa, da dattawa biyu masu igiya. Aka fitar wa Inna tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran aka kasa, namiji kashi biyu, mace ɗaya. Mai unguwa ya ce tunda Yaya ne ya daɗe yana wahala da gonar, shi zai fara zaɓa. Na san in ya zaɓi gangare, duk abin da na yi ya tashi a banza. Yaya ya tsaya yana duban gangaren, ya dubi Inna. Sannan ya nuna tudu da haɓa, ya ce can yake so. Tudun ya fi kyau, shimfiɗaɗɗe ne, tarakta na shiga. Amma na san yayana, na san ba don haka kawai ya zaɓe shi ba. Ko da yake daga ranar bai sake yi mini magana ba, sai dai in na gaishe shi ya amsa a taƙaice.

Inna ta ce a haɗa nata da nawa. Haka muka tashi da gangare, da ɗorawa, da bakin rafin da ruwa yake ci.

Daminar farko ta nuna mini iyakata. Na raba mako biyu, rabi a kan keke, rabi a ƙauye. Abin da na samu a ɗinki na ba masu shanun huɗa, na ce su ja kunyoyin a gicciye, kada su bi gangaren, don ruwa ya riƙa tsayawa yana shiga ƙasa. Ban sa masara ba. Na nemi irin dawa mai saurin nuna, na haɗa da gero da wake. Bakin rafi kuwa ni da Inna da matan da suka tausaya mana muka yi ta jido duwatsu a kwanon sarki muna jerawa a inda ruwa ya fara tsaga ƙasa. Na cika tsofaffin buhuna da yashi na danne. Hannuna da ya saba da almakashi ya yi kanta, ya fashe, har na kasa zura zare a allura.

Masu wucewa ta hanyar rafi sukan tsaya. Wani ya ce, "Sannu da aiki, Hajiya manomiya." Wani ya ce, "Tela, yau gona ake yi wa ɗinki?" Nakan ɗago in ce, "Ita ce ta yage." In ci gaba da abin da nake yi.

Aka yi ruwa, muka shuka, tsiro ya fito. Sai fari ya zo kamar yadda ya saba. Kullum in na iso sai in tsaya daga bakin gona in dubi gabas, babu ko ƙyallin gajimare. Geron da ke fili ya fara sunkuyawa. Wanda ke gefen inuwar ɗorawa ya fi jurewa, ƙasar wurin ba ta bushe da wuri ba, amma wanda ke gindinta sosai siriri ne, bai yi ƙwari ba. Ta nan an taimake ni, ta can an rage ni. A tudu masarar Yaya ta naɗe. Ina hango shi yana zagaya ta, hannu a baya. Na so in hau in ce masa sannu, na san ba zai so ba.

Da ruwa ya dawo, da ƙarfinsa ya dawo. Washegari na zo na tarar rabin duwatsun da muka jera babu su, buhunan yashi sun tafi, rafi ya gutsure wani yanki da waken da ke kansa. Na zauna a kan saiwar ta bakin rafi na yi kuka mai isata. Inna ta bar ni har na gaji, sannan ta ce, "Kin gama? Duwatsun suna can ƙasa kaɗan, ba su yi nisa ba." Muka gangara muka fara kwaso su. Wannan karon na sa aka saro mini rassan cediya da na aduruku muka kafa a bayan duwatsun, irin waɗanda in an kafa su suke kamawa, na dasa ciyawar jema a tsakani.

Da kaka abin da na samu ba abin a-zo-a-gani ba ne. Dawar ta yi daidai gwargwado, gero ya ba ni kunya, wake ne ya fitar da ni. In aka lissafa wahala da abin da na kashe, Baffa ya fi ni gaskiya. Amma na ɗaure dammunan dawa da hannuna, na sa a rumbun Inna da ya daɗe babu komai, na tsaya ina kallonsu. Masarar Yaya rabi ta yi. Na auni wake na aika wa matarsa, ban ce a gaya masa ba. Ba a dawo da shi ba.

Ɗorawa kuwa maganar Yaya ta tabbata. Bazarar da ta biyo baya ta zo da zafin da ko tsofaffi sun ce ba su san irinsa ba. Furen ya fito da yawa, muka yi murna, sai iska mai zafi ta yi ta kakkaɓe shi. Inna takan zagaya gindin uwar gida tana tsintar furannin da suka faɗo, ta juya su a hannu ta yar. Kalwar da muka tara ba za ta kai ta ko tsakiyar damina ba. Na ce wa Inna mata da yawa yanzu da waken suya suke yin daddawa. Ta ce ita ba za ta sayar wa mutane ƙarya ba. Na ce ba ƙarya ba ce in ta faɗa musu. Bayan kwana da kwanaki, sai ranar nan na zo na tarar da tukunya biyu a kan wuta. Ta ce, "Wannan ta talaka, wannan ta wanda ya san miya." Haka take kasa su a faifai daban-daban, kowa ya zaɓa. Tukunyarta ba ta sauka ba.

A farkon damina ta biyu aka yi wata iska da ta kwashe rufin gidaje da dama a garin. Da gari ya waye yaran Yaya suka zo da gudu suka ce ta bakin rafi ta faɗi. Ruwa ya daɗe yana cin ƙasar gindinta, iska ta ƙarasa. Ta faɗo cikin gona, ta danne kunyoyin da na gama shukawa. Na tsaya a kanta ban san ta inda zan fara ba. Itacen da na tsaga gonar ubana don in tsare, ga shi a ƙasa ba tare da inji ya taɓa shi ba.

Ina nan tsaye sai na ji sara a bayana. Yaya ne da gatari, ya fara datse rassan da suka hau kan shuka. Bai yi mini sallama ba, ni kuma na kama jan abin da ya sare ina fitarwa. Muka yi ta yi har rana ta take. Da ya zauna shan ruwa sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da kin bari na sayar, da aƙalla an ci kuɗinta."

Na ce, "Ga ta nan ai. Iska ta kwashe maka rufin ɗakin yara, ka sa a tsaga maka katako."

Ya ce, "Taki ce."

Na ce, "Na ba ka."

Ya nuna bakin rafi da gatari. Rassan da muka kafa bara sun yi ganye, jema ta yi tushe, ƙasa ta fara taruwa a bayan duwatsun. Ya ce, "Wancan ya kama." Na ce, "Ya kama." Ya ce, "Taurin kanki na Baba ne." Na ce, "Kai ma ba a wajen baƙo ka ɗauko naka ba." Ya yi murmushi kaɗan, ya tashi ya ci gaba da sara. Ba mu taɓa zama mun ce a yafe wa juna ba. Daga ranar dai in zai kira masu shanun huɗa yakan ce su gangaro su yi mini nawa, ni kuma kayan sallar yaransa ba ya biya.

Inna ta tsufa yanzu, ba ta iya ɗaga gora, jikokinta mata ke kaɗo mata. Amma ta samo wani aiki. Takan jiƙa kalwa ta shuka a ledojin ruwan sha da yara suke tsinto mata, ta jera su a bayan ɗaki inda take alwala, don ruwan ya riƙa gangara musu. In sun yi tsawon hannu sai in kai gona in dasa, in kewaye da ƙaya. Awaki sun ci wasu, fari ya kashe wasu, wani mai kiwo ya bar shanunsa sun tattake wasu, muka yi cacar baki da shi har gaban mai unguwa, ya ba da haƙuri, daga baya ma shi ya riƙa kwana da shanunsa a gonar da rani suna bar mini taki. Kaɗan daga cikin dashen sun tsira. Wata mata ta tambayi Inna ko tana sa ran cin 'ya'yansu. Inna ta ce, "Waɗanda na ci, ni na shuka su?"

Ba zan ce na ci nasara a kan damina ba. Wata shekarar ta ba ni, wata ta ƙwace. Samarin garinmu da yawa sun bar fartanya sun tafi birane, wasu gonakin sun zama fili, masu gawayi kuma ba su daina zuwa ba. Duk rani sai wani ya tsaya a bakin gonata ya ɗaga kai yana auna uwar gida da ido, ya tambayi wa ke da ita. Yara sun san amsar da za su ba shi: ba ta sayarwa ba ce.

Bana ruwa ya yi jinkiri fiye da kowace shekara. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse. Mutane suka fita roƙon ruwa, aka dawo ana jira. Na ga in na ci gaba da jira, lokacin da dawa take bukata zai ƙure, ko da an yi ruwan daga baya. Sai na ɗauki sungumi da ƙwaryar iri na tafi na fara binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa, iri ya kwanta ya jira ruwa a can. Caca ce, kowa ya sani. In aka yi yayyafi kaɗan ya tsaya, irin ya ruɓe, an yi asara.

Baffa ya biyo ta hanyar rafi yana dogara sanda, ya tsaya yana kallona ina sara ina jefa iri ina takewa da diddige. Ƙura tana tashi a duk inda sungumin ya sauka.

Ya ce, "'Yar nan, a wannan ƙasar kike zuba iri? In ya ruɓe fa?"

Na ce, "Na ajiye wani a tulu, Baffa."

Ya ce, "In shi ma ya ruɓe?"

Na ce, "Sai in sa wake."

Ya dubi ƙwaryar da ke hannuna. Sannan ya jingina sandarsa da kututture, ya miƙo hannu ya ce in ba shi ƙwaryar, ni in riƙa sara shi yana jefawa, zai fi sauri. Na ba shi. Muka kama kunya ta gaba.